Sau Uku Na Gani Da Idona

Ba zan taɓa mantawa da sandar raken nan ba, ko da haƙoran shan rake sun ƙare a bakina. Mota ta taɓa kifewa da ni a hanyar Kurmi, na fito da yatsu takwas da ɗingishi, ban yi kuka ba. 'Yan fashi sun taɓa kwantar da mu a kan kwalta, na tashi na kakkaɓe riga na ci gaba da tafiya. Amma rake guda ɗaya shi ya kayar da ni a gaban mutanen gari biyu.

Ni dillalin albasa ne a Bodinga. Ban yi boko ba. Da ido nake ci, da babban yatsa. In manomi ya kawo buhu daga Mandera ko Horo Birni, ba na kallon albasar da ke sama. Ta sama sunanta fuska. Manya ne, jajaye, masu sheƙi, an jera su don mai saye ya gani ya ruɗe. Ni sai in ce a zazzage buhun a ƙasa. In ɗauki ta tsakiya in danna wuyanta. In wuyan ya lotsa, ruwa ya shige ta, ba za ta kai Kurmi ba. Shekara da shekaru haka nake yi, har 'yan kasuwa kan ce in na duba buhu an gama magana. (Wannan yabon ne ya lalata ni. In an daɗe ana ce wa mutum ya iya gani, wata rana sai ya daina dubawa.)

Ƙwallon kwando ban san ta ba sai da furfura ta fito mini. Akwai wani filin siminti a bayan wata makaranta, da ƙarfe biyu masu allo da zobe a sama. Samari suka share shi suka soma wasa. Abin da ya kai ni can, wani yaro ne da ake kira Dogo. Sunansa Bashiru. Da ubansa muka yi karen mota, kuma uban bai fito daga motar nan da ta kife ba. Yaron a gabana ya tashi, yana lodin albasa. In ya ɗaga buhu sai ka ce matashin kai ya ɗauka. In zai shiga shago sai ya sunkuya. Da aka ce yana wasa, na je na tsaya. Na ga ana gudu, ana jefa ƙwallo cikin zoben da ke sama. Na ce to, abin da tsawo ake yi, tsawo kuwa namu ne. Daga ranar na zama masani.

Majalisarmu a shagon Ummaru Tela take, bayan la'asar. Ummaru abokina ne tun muna yawo ba wando, kuma bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Cikin masu zama akwai Malam Nafi'u, saurayi, mai koyar da lissafi. Duk wasan da za a yi, sai ya zauna a gefen fili da takarda a kan gwiwa yana 'yan zane-zane. Wane ya jefa ta shiga, zane. Wane ya jefa ta kauce, zane. Wane ya miƙa wa wani har aka ci, zane. Ni abin dariya yake ba ni. Ana wasa a gabanka, kai kana noma takarda.

Sai samarin Shagari suka zo Bodinga aka kara. Ina wurin. Ku riƙe wannan, don ita kaɗai ce maganata da ba ta karye ba daga baya: ina wurin. Rana ta yi zafi, mutane sun cika. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani ihu da ya tashi gaba ɗaya, da Dogo rataye da zobe, ƙafafunsa na lilo, ƙarfen na rawa. Shagari suka ci wasan da ɗan abin da ba shi da yawa. Ban damu ba. Na ga abin da na gani.

Washegari wani yaro ya miƙo mini waya a kasuwa, ya ce an ɗauki Dogo a bidiyo. Gilashin wayar a fashe yake, ga rana, ga idona da ke hango ruɓaɓɓiyar albasa daga nesa amma ba ya son abin da ke cikin tafin hannu. Na kare da hula na duba. Kiɗa na tashi. Dogo ya taho a guje ya yi sama ya danna ƙwallo cikin zobe. Sai ga shi ya sake, wannan karon a hankali yake tashi, har ya ɗan tsaya a iska. Sai ga shi kuma na uku, kusa-kusa. Na ce a sake kunna mini. Kafin azahar, abin da na gani a fili da abin da na gani a waya sun haɗe sun zama abu ɗaya a kaina.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani koci daga Sakkwato zai ɗauki yaro daga yankinmu, a gwada shi cikin samarin jiha. Yaro ɗaya tak, tsakanin Bodinga da Shagari. Ni a wurina ba abin tattaunawa ba ne. Na riga na ga Dogo cikin mota. Na riga na ga kaina ina gaya wa uwarsa.

Da yamma a shagon Ummaru, Malam Nafi'u ya gyara zama ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma ni ga ganina Ɗan Kajiji ya kamata a kai."

Na ce, "Wa?"

"Sanusi. Gajeren nan na Shagari."

Sai da na yi tunani kafin in tuna shi. Wani ɗan siriri ne da ke zuwa daga Kajiji a bayan babur ɗin yayansa, ƙura har gira. Na ce, "Wanda in ya samu ƙwallo shi yi maza shi miƙa ma wani? Wanga ai tsoro na, ba wasa ba."

"Miƙawar ita ta aikin, Baba. Kusan duk makin da Shagari sunka ci, ta hannunai ta biyo. Dogo kuwa in ya jehwa goma, da ƙyar ukku su shiga. Kuma babu wanda ƙwallo ka ɓacewa ga hannunai kamar shi. Amma akwai abu guda da Dogo..."

Na katse shi. "Takarda ba ta da ido, Malam."

"Hakanan na. Amma ba ta mantuwa."

"Ba ta san zuciya ba. Ba ta san wanda in ya taso abokan gaba ka ja da baya ba. Kai kana duƙe kana zane, mu muna kallon wasa." (Wannan maganar ku ajiye ta ita ma. Za ta dawo.)

Ya ce, "Baba, sai na duba nika rubutawa."

Samari suka rabu biyu. Wasu na cewa lamba ba ta ƙarya, wasu na cewa wanda bai taɓa gumi a fili ba shi ke ɓuya bayan lamba. Wani ya ce ko 'yan wasan Amurka da lamba ake sayensu. Wani ya ce mu nan Bodinga muke. Ni ba mai yawan magana ba ne, sai na jefa wadda nake ganin za ta rufe bakin kowa.

"To, sau ukkun da yad danna ta cikin zobe, ina kas sa su ga takardar taka?"

Malam ya duba, ya juya bayan takardar, ya sake dubawa. "Babu su nan."

"Babu?"

"Ko guda."

Jinina ya hau. Na ce, "Ai dole a rasa su. Matarka 'yar Shagari ta."

Keken ɗinkin Ummaru ya tsaya. Gaskiya ne matar Malam 'yar Shagari ce, amma ba a shigo da iyalin mutum cikin gardamar ƙwallo. Malam Nafi'u ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya ce, "Allah shi ba mu haƙuri, Baba."

Ummaru ya cire zare daga baki ya ce, "Dillali, ka tabbata kuwa? Ni guda nig gani."

"Kai idonka ga ramin allura ya ƙare."

"In kuma ba ukku na ba hwa?"

A nan ne na haƙa wa kaina rami na kuma share bakinsa. Na ce, "In ba sau ukku na ba, ni da kaina in tahi Kajiji in ɗauko gajeren ga bisa babur ɗina in kai shi Sakkwato. Ranar kasuwa. Ta tsakiyar Bodinga."

Ummaru ya waiga hagu da dama. "Kun dai ji shi. Ba ni nis sa shi ba." Ya ci gaba da ɗinki yana murmushi.

Shi Dogo ba ya wurin. Kuma in faɗi gaskiya, yaron ya so ya cece ni. A kwanakin da suka biyo, duk sanda na soma ba 'yan kasuwa labarin, sai ya matso ya ce, "Baba, ai wancan abin..." Ni kuma in ce, "Yi shiru, ɗauki buhu. Namiji ba shi yabon kainai." Sai ya ɗauki buhu.

Koci ya ce a haɗu a Shagari, don ya ji ta bakin waɗanda suka ga wasannin, tunda shi bai gani ba. Aka zaɓi wani gidan kallon ƙwallo, da hantsi, lokacin da babu masu kallo. Rumfar kwano ce mai bencina da babbar talabijin a gaba. Mutanen Bodinga suka zauna gefe guda, na Shagari gefe guda. Har manoman da suka shigo gari da nasu uzurin suka leƙo. Na sa koriyar hulata da shuɗiyar rigata da ta koɗe, waɗanda nake sawa kusan kullum. Na zauna a bencin gaba.

Kocin mutum ne mai sanyin magana. Ya ce wa Malam Nafi'u ya karanta abin da ya tara. Malam ya karanta. Ni kuma na yi hamma mai ƙara, don kowa ya san matsayina. Da ya kai rabi ma sai na yi gyaran murya, har ya tsaya. Koci ya dube ni ya ce, "Baba na da magana?"

Na miƙe. Ni da ba na haɗa jimla biyar a rana, ran nan na yi wa'azi.

"Yallaɓai, ni ban san lamba ba. Ido nis sani. Yaron ga sau ukku ya danna ƙwallo cikin zobe ga idon Shagari, ɗaya bayan ɗaya. Na hwarko kamar walƙiya. Na biyu kuwa sannu-sannu yat tashi, kamar mai hawan bene, sai da yak kai sama yat tsaya."

Koci ya ɗaga gira. "Ya tsaya?"

"Ga iska, Yallaɓai. Kana iya yi mai sallama shi amsa kahin shi sauko."

Wani ya yi tari irin na ɓoye dariya. Na harare shi ya haɗiye.

"Da idonka kag gani, Baba?"

"Da wanga da wanga." Na nuna su ɗaya bayan ɗaya. "In ba a yarda ba, akwai hoto."

Ni na ce akwai hoto. Ba wanda ya tambaye ni. Koci ya ce to madalla, a sa a gani. Mai gidan kallon ya ja janareta, ya karɓi wayar yaron nan na kasuwa ya jona ta da talabijin. Na ɗan juya yadda zan ga fuskar Malam Nafi'u lokacin da gaskiya za ta fito.

Kiɗa ya tashi. Ga filinmu, fes, ba irin na fasasshen gilashi ba. Ga Dogo ya taho ya yi sama ya danna. Mutanen Bodinga suka yi tafi. Na gyaɗa kai. Sai na ji wani daga baya ya ce, "Kai, wancan ba Baba na ba?"

Na duba. A gefen hoton, can bakin fili, akwai wani mutum mai koriyar hula da shuɗiyar riga da ta koɗe. Kowa a filin yana fuskantar zobe. Shi kaɗai ya ba fili baya. Yana tsaye gaban baron mai rake, ya riƙe sanda guda da hannu mai yatsu uku.

Hula ana iya musunta. Riga ana iya musunta. Hannun nan kuwa babu irinsa daga Bodinga har Kajiji.

Sai na biyun ya soma. Dogo ya tashi sannu-sannu, kamar yadda na faɗa. Mutumin mai hula shi ma ya juya kai gefe sannu-sannu. Kumatunsa suka kumbura sannu-sannu. Ya tofar da tuƙar rake. Tuƙar ta fito daga bakinsa fara fat, ta yi sama tana juyawa a hankali, ta kai wani wuri ta tsaya.

Ummaru Tela ya miƙe tsaye. "Subhanallahi! Jama'a ku duba! Tuƙar Dillali ma ta tsaya ga iska! Ku yi mata sallama!"

Rumfar ta fashe. Wani dattijo ya zame daga benci yana riƙe da ciki. Na ukun ya zo, wanda aka jawo kusa, sai ga ƙeyata ta cika rabin talabijin, ga tuƙar nan kuma ta sake fitowa, ita ɗin dai, ta bi hanyar da ta bi ɗazu.

Ummaru ya ce, "Tuƙa guda, tohi ukku! Yallaɓai, wanga shi ya kamata ka kai Sakkwato!"

Da mai hankali ne da ya zauna. Ni na ce, da ƙarfi, "Ai raken dogo na. Mutum na iya tohwarwa sau ukku." (Cikin duk abin da na faɗa a rayuwata, wannan na fi so a dawo mini da shi.)

Mai gidan kallon ya tausaya mini. Ya tsayar da hoton ya ce, "Baba, abu guda na. Na biyun rage mai gudu anka yi, na ukkun an jawo shi kusa. Haka yara ka yi, don shi yi kyau."

Koci bai yi dariya ba, ko kuma ya iya ɓoyewa. Ya juya ga Dogo, wanda ke tsaye a baya kansa na taɓa kwano. "Bashiru, sau nawa na?"

Dogo ya dubi ƙasa. "Sau guda na, Koci. Kuma alƙali ya riga ya busa. Na yi taku da ƙwallo ga hannu. Ba a lissahwa shi ba." Ya ɗago kai. "Na so in hwaɗa ma Baba. Sai shi ce in ɗauki buhu."

To, ga dalilin da babu shi a takardar Malam. Ba matarsa ba ce. Ihun da na ji ran nan ma, ashe rabinsa faɗa ake yi wa Dogo don ya ɓata ƙwallo a lokacin da ake nemanta. Ni ina can ina zaɓen rake mai tsawon gaɓa. Ihun ne ya juyo da ni, na tarar da ƙarshen abu, na ɗinka masa farko da kaina.

Koci ya ce, "Baba, mi kaka yi na sana'a?"

Wani manomi daga Horo Birni, wanda na sha mayar masa da kaya, ya amsa mini daga bakin ƙofa. "Dillalin albasa na, Yallaɓai! Shi na ka sa a zazzage muna buhu ƙasa gaban mutane, wai ba shi sayen huska." Ya tafa hannu. "Yau ga shi ya sayi huska! Ko wuya bai danna ba!"

Wannan ta fi dariyar zafi, don gaskiya ce. Bidiyon nan fuska ne. An ɗauko albasa guda mai sheƙi an ɗora a sama har sau uku, an sa mata kiɗa. Ni da nake zagin masu sayen fuska, na saye, na kuma rantse a kai. Shi kuwa Malam Nafi'u da nake wa dariya, zazzage buhun yake yi tun farko, ɗaya bayan ɗaya, da mai kyau da ruɓaɓɓiya. Sana'ata yake yi a gabana ban gane ta ba, don da alƙalami yake yi.

Na taka da ɗingishina har inda yake. Na ce, "Malam, na ci zarahinka, na sa iyalinka ciki. Ka yahe mani."

Ya miƙe, don yaro ne mai tarbiyya. Ya ce, "Ba komi, Baba. Idonka bai yi ƙarya ba. Ba shi wurin na kurum."

Na gwammace ya zage ni.

Sai ya ce wa koci akwai sauran abin da bai karanta ba. Ya ce in an jefa ƙwallo ta bugi allo ta dawo, babu mai cafe ta kamar Dogo, duk garuruwan biyu. Abin da ya so faɗa ke nan a shagon Ummaru na katse shi, shi ne kuma ya kusa kaiwa yau na yi masa gyaran murya. Ni ban taɓa lura da wannan ba, don ba a yi masa ihu. Wato takardar da na zaga ta fi ni iya kare yarona.

Koci ya ce Sanusi zai tafi. Ya ce wa Dogo tsawo da tsalle Allah ya ba shi, saura ya koyi jifa da taku, in an sake buɗe ƙofa a duba shi. Dogo ya ce to. Da muka fito, sai da muka kai bakin titi ya ce mini, "Baba, da ka bari Malam ya gama karatu." Na ce, "Hau mu tahi."

Saura alkawari. Na yi fatan Ummaru zai manta. Ummaru yana iya manta ɗinkin sallar mutum, amma ba ya manta irin wannan.

Ranar kasuwa da sassafe na kama hanyar Kajiji. Na tarar da Sanusi a ƙofar gida, takalmansa a leda, ya sa rigar da ta fi kyau. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar ban taɓa kiransa matsoraci ba. Uwarsa ta aiko daga ciki a yi mini godiya, wai ta ji labarin wani bawan Allah daga Bodinga da ya ɗauki nauyin kai ɗanta. Na ce ba komai. Me zan ce?

Muka bi ƙura har kwalta, muka wuce Shagari, muka doshi Bodinga. Na so in bi ta bayan gari. Amma tsakiyar gari na ce. Kasuwa ta cika. Masu lodi suka hango mu suka ajiye buhuna. "Sau ukku! Sau ukku!" Ummaru na tsaye ƙofar shagonsa ya saɓa sandar rake a kafaɗa kamar soja da bindiga, ya ƙame, ya sara mini. Na dubi gaba. Dogo ya tare mu, ya miƙa wa Sanusi hannu ya ce, "Ka yi muna wasa can." Sanusi ya ce, "In sha Allah." Daga nan har Sakkwato, abin da yaron ya ƙara faɗa shi ne, "Baba, akwai rami gaba." Ya gan shi kafin ni. Na kauce masa.

Na yi niyyar in sauke shi in juyo. Sai na ce tunda na zo, bari in zazzage buhun da kaina. Na sami wuri na zauna, na fuskanci fili. Na sa ido a kan yaron kaɗai, tun busar farko. Ba ya tsalle. Ba ya rataya da komai. Amma kafin ƙwallo ta zo hannunsa ya riga ya san inda za ta. Ya dubi hagu ya miƙa dama. Dogayen samarin birni su ruga wurin da ya duba, a ci su ta wurin da bai duba ba. Wanda ya jefa shi ake yi wa tafi. Shi sai ya juya ya koma baya, kamar ba shi ba. Albasar tsakiyar buhu ce, ƙarama, wuya a bushe.

Ana cikin haka sai ga mai rake ya turo baronsa ya tsaya daidai kafaɗata. "Alhaji, ga mai zaƙi."

Ban ko waiga ba. Na ce, "Wuce."

Su koci sun riƙe Sanusi. Ni kaɗai na dawo, babur ba nauyi. Dogo yanzu kullum da yamma yana filin siminti yana jifa, Malam Nafi'u na gefe yana zane, wani lokaci ni ma ina zaune kusa da shi ina tambaya, wannan zanen na mene ne. Sunan kuwa ya zauna. Har manoman Mandera in sun kawo kaya sai su ce, "Baba Sau Ukku, ka juyo tukuna kahin ka duba."

Abin da na koya ba shi da yawa. Har gobe na yarda da idona, da shi nake ci. Amma kafin in rantse da shi, nakan tsaya in tambayi kaina ina ƙeyata take fuskanta a lokacin. Rake kuma ban daina sha ba. A gida nake sha, in na rufe ƙofa.